Barandar Gidan Tudu

Ran da na sauka Portreath, a gaɓar Cornwall,
ruwan sama na zuwa a karkace,
direban bas ya nuna min tudu da haɓa:
gidan tsohuwar da zan yi jinya na can sama.
Na hau ina haki, jaka na ja na baya,
sai ga allo a ƙofa, harufa sun soma gogewa.

BUKURU.
Na dire jaka. Na sake karantawa.

Sunan garinmu, gishirin teku na cin sa!
Ga baranda doguwa ta yi wa gida ɗamara
irin ta barikin Turawan kuza,
an yi ta don mai neman inuwa
a ƙasar da rana ke leƙe kamar wadda ake bi bashi,
ta gaisa a tsaye, sai ɓacewa.

Morwenna Trezise, shekara casa'in ba ɗaya,
ta ce, "Ubana ya gina. Maƙwabta sun sha dariya.
Sau biyu iska na yaye kwanon rufin,
sau biyu yana hawa da guduma."
Sai ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki,"
da Hausar da ta shekara tamanin a akwati,
ta fito da warin kafur, amma ana ganewa.

In na tura kekenta muka gangara bakin ruwa
takan karanta min garin kamar wasiƙa:
"Mai fentin ruwan ɗorawa, daga Meziko mai shi ya dawo,
matarsa ta koya wa layin nan cin barkono.
Mai hasumiya, zinaren Afirka ta Kudu ne.
Sau uku kacal mai shi ya hau benen,
ƙurar ramin ta biyo shi a huhu.
Cocin can, sule-sule aka aiko daga Ostireliya,
rabin masu aiken ba su ga buɗewa ba."
A lungu wata bishiya, 'yar'uwar giginya,
tana rawar sanyi tun zamanin kakanni,
ta ƙi mutuwa, ta ƙi haihuwa.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Ba a ba mu labarin wanda ya dawo
ɗauke da wani gidan a ka,
yana neman inda zai sauke, ba mai tayawa.

Kakana Ɗantala ya yi dakon kuza,
kwano a ka, daga rami zuwa sikeli,
har gashin tsakar kansa ya yi ƙaura.
Mu ramukan aka bar wa, ruwa ya cika su kore shar,
duk damina sai sun ci akuya, wani lokacin yaro.
Ina sharar baranda ina duban duwatsun:
wanne ne wuyansa, wanne ne gwiwa?

Wata uku ina haɗiye maganar.
Ran da na faɗa, ina tsefe mata kai.
Ta yi shiru har shayi ya huce.
Ta ce, "Yaya sunansa?" Na faɗa.
Ta gwada, ɗa ɗin ya ƙi zama a bakinta,
ta sake, ta sake, tana ta gwadawa.

Jiya ƙanena Sabitu ya kira daga gida,
ya juya wayar in ga ginina ya kai linta.
"Yaya Lantana, magini na tambaya:
wannan taga mai faɗin bango, ta mece ce?
Ba teku nan fa. Tsohon rami take kallo,
ga ɓarayi, ga kuɗin gilashi."

A bayana tsuntsayen teku na faɗa kan bola,
tsohuwa na kira, lokacin magani ya yi.
Na ce, "A bar ta yadda na zana."
Ya ce, "To, mutane fa suna dariya."
Na ce, "Na sani. A sa mata farar ƙasa kafin in zo."